Sun Auna Shagona Da Tef Ɗina

"Ja tef ɗin har bakin taga, ki auna da kyau!"

Muryar mahaifiyar wanda zan aura ce, daga cikin shagon ɗinkina. Na tsaya cak a bakin ƙofa.

Ita da ƙanwarsa ne suke auna bango da tef ɗina. Da allin da nake zana yadi suka rubuta "kanta" a nan, "gilashi" a can. Kekunan ɗinkin marigayiya Ummata kuwa an ture su lungu kamar tarkace.

"Mama, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Ai bayan biki nan zai buɗe shagon wayoyinsa. Ke sai ki huta a gida."



Sati biyu ke nan Yayata, wadda lauya ce, tana bi na da takardar yarjejeniya kafin aure: shago nawa ne, kuma ba mai raba ni da sana'ata. Ni sakarya har gaba na yi da ita, wai ta zagi masoyina.

Na kira shi a waya. Ya iso yana ƙamshin turaren da na saya masa.

"Haba Zumata... ai da niyyata in gaya miki bayan biki."

Na zaro takardar da Yaya ta bar min daga aljihun tebur. "Karanta, ka sa hannu."

Yana karantawa murmushinsa yana gushewa.

"Takarda tsakanina da ke? So ai ba ya buƙatar biro!"

"Amma yana buƙatar tef?"

"Yayarki ce ke zuga ki!" in ji Mama. "Tir da wannan tarbiyya!"

Shi kuwa ya wurgar da biron. "To in na sa hannu, me na aura ke nan?"

Har ƙanwarsa sai da ta sunkuyar da kai.

Shekara biyu ina son mutumin nan, yau kallonsa ma ƙyama yake ba ni. Na zare zobensa na miƙa masa.

"Ku ajiye min tef ɗina kafin ku fita."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Da na gama, na yanko ƙyalle daga rigar bikina da ban ƙarasa ɗinkawa ba, na jiƙa shi, na goge bangon tas.

Sannan na kira Yaya.

"Ki yafe min, Yaya. Takardar nan kuma tana wurina. Duk wanda ya sake cewa yana sona, ita zai fara gaisarwa."