Lambobin Bayan Ƙofa

Kowace safiya, kafin ta hau keken ɗinki, Tela takan zagaya ƙugunta da tef ɗin awo, ta rubuta lamba da kwanan wata da alli a bayan ƙofar ɗakinta, kamar yadda take yi wa masu kawo ɗinki. Cikin mako shida lambobin sun tashi daga talatin da biyu zuwa arba'in da ɗaya. Ƙafafunta sun kumbura, ga wani nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. Mijinta kuwa, makanikin jirgin ruwa, watansa tara a kan teku.

Surukarta, wadda kowa ke kira Mama, ta yi nata lissafin, ita da babbar 'yarta, Yaya Babba. Suka ƙwace wayar Tela, suka ware mata kofi da kwano, suka ce wa masu ɗinki ta yi tafiya.

"Sannu, mai juna biyu," in ji Yaya Babba. "Iskar teku ce ta kawo mana shi?"

Tela ta rantse har muryarta ta dushe, ta roƙa a kai ta asibiti. Mama ta ce ba da sunan ɗanta za a je a yi tallan abin kunya ba, a jira mai shi, ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar da mijin ya sauka, ko jakarsa bai ajiye ba suka danƙa masa biro da takarda, ya rubuta mata saki. Ya shigo ɗakin, ya dubi cikinta, fuskarsa ta sauya. Ta gaishe shi, bai amsa ba. Duk zagin da ta sha bai yi mata zafin wannan shirun ba.

Yaya Babba ta jawo ƙofar. "Ga shaida nan. Da hannunta take ƙirga kwanakin shegenta."

Ya daɗe yana bin lambobin da yatsa. Mutum ne da aikinsa ke nan kullum, duba ma'aunin inji. Can ya tambayi yayarsa, ita da ta haifi biyar, wane cikinta ne ya taɓa ƙara inci tara a mako shida. Ta kama inda-inda. Ya matso ya ɗaga haɓar matarsa, sai ya ga farin idonta ya koma rawaya.

Mama ta tare bakin ƙofa, ta ce in ya fita da Tela, to ya sake uwa. Ya durƙusa a gabanta.

"Mama, zo mu je tare. In ɗa ne, a gabanki zan rubuta."

Tela ta ji wannan "in" ɗin, ta haɗiye shi.

Likita ta shafa mata mai a ciki, ta ɗora na'urar hoto, ta juyo da allon wajen Mama. Babu ɗa. Ruwa ne. Ta yi musu bayani cewa jini ya daskare ya toshe jijiyoyin da ke fitar da shi daga hanta, hantar ta kumbura, ruwa ya taru a ciki. Da ta tambayi saurin girman cikin, mijin ya nuna mata hoton ƙofar da ya ɗauka a wayarsa. Ta jinjina kai, ta ce wannan awon zai taimaka mata sosai. Sannan ta ɗaure fuska: hantar ta riga ta fara yin tabo, wanda ba duka zai warke ba, kuma irinsa yakan zama ciwon daji, don haka dole a riƙa dubawa duk wata shida.

"Me ya hana ku kawo ta tun farko?"

Yaya Babba da ta biyo su sai ta tsura wa takalminta ido.

Aka zuƙe ruwan, aka ɗora ta a kan maganin tsinka jini. Bayan mako biyu ta dawo gida, ta iske Mama a ɗakinta da jiƙaƙƙen tsumma, za ta goge ƙofar. Hawaye ya cika idon tsohuwar, ta ce a yafe mata.

"Na yafe, Mama. Amma ki bar su. Su kaɗai suka yi mini shaida a gidan nan."

Mijin ya ji wannan, ya san har da shi. Bai kare kansa ba. Ya ajiye aikin jirgi, ya kama wani gareji kusa da gida, kuma tun daga ranar shi ke riƙe tef ɗin kowace safiya, ita tana rubutawa. Talatin da takwas. Talatin da biyar. Ranar da suka sauko talatin da uku, ta miƙa masa allin, ta ce ya rubuta da kansa, ta daina fushi.

Haƙuri ya maido wa Tela mutuncinta da mijinta, amma bai maido mata da lafiyayyar hantarta ba. Wannan tabon zargi ne ya bar shi. Duk wanda ya ga jikin ɗan'uwansa ya sauya, ya fara tambayar lafiyarsa kafin ya tambayi laifinsa.