Taswirar da Ta Ƙi Fitowa

"Wayyo Allah, ba yau ba... Don Allah ba yau ba!"

Zinariya ta sake danna maɓallin, karo na shida. Jan rubutun nan ya sake cika fuskar ordinater, kwamfutar aikinta.

Ƙarfe goma na safe. Ƙarfe uku za ta tsaya gaban kwamitin rabon abinci.

Daminar bara ta gaza. Wata uku ke nan da sojoji suka karɓi mulki, tun daga nan kuma aka daina ɓoye kalmar yunwa. Ita kuwa wata huɗu ta yi a wannan biro, ofishin gwamnati na hayin kogi, kusa da unguwar Kirkissoye a Niamey, tana tattara lambobin ruwan sama na ƙauyuka, ta rubuta purogaram da zai mai da su taswira. Abin da ke yin zanen shi ake kira bibliyotek, wani ƙunshin umarni da ake saka wa ordinater. Shekaranjiya lafiya lau yake. Yau ko tashi ya ƙi yi.

"Ai na faɗa miki."

Harouna ne a bakin ƙofa, abokin aikinta, ɗan aminin Babanta, wanda duk gidansu ke so ta aura.

"Na ce kar ki bari mai gyaran nan na unguwar Kalley ya taɓa kayan biro. Ga sakamakon."

"Shu'aibu bai ɓata komai ba, Yaya Harouna."

"Wa ya saka miki bibliyotek ɗin? Ba shi ba?" Ya matso, ya sassauta murya. "Ki ba ni lambobin, in karanta musu da kaina. In rufa miki asiri gaban Diraktar. Ke kuma ki daina ja wa Baba rai kan maganarmu."

Ta dube shi har sai da ya kau da kai.

Ta rufe ordinater, ta rungume ta, ta fice.

Sati uku rabonta da Shu'aibu. Harouna ne ya kai wa Baba Amadou labarin cewa baƙo ne daga arewacin Dakoro, ba difloma, ba dangi a Niamey, sai rumfar gyara. Baba ya ce kar ta ƙara taka Kalley. Ta yi biyayya, tana kuka a ɓoye. Amma yau, taksi na haye gada, kogin ya janye har yashi ya fito, ta ce a ranta in duka ne ma ta sha.

Ta same shi a sunkuye kan wata ordinater da aka farke wa ciki.

Ya ɗago. Sukuddireba ta faɗi daga hannunsa.

"Sheri..."

"Kar ka kira ni haka yanzu, zan yi kuka, kuma ba ni da lokacin kuka."

"To na bari. Me ya faru?"

Ta buɗe masa. Ya karanta jan rubutun a hankali, yana bin layi da yatsa.

"Mai zanen ba shi da laifi," ya ce. "Kin san a kan bibliyotek ɗin lissafi yake tsaye. Cewa yake wanda ya tarar ba wanda ya sani ba ne."

"Na lissafi guda ɗaya ka saka mini ai."

"Guda ɗaya na saka."

Ta jawo ordinater gabanta. Ta rubuta umarni, ta tambayi na'urar daga wace ma'ajiya take ɗauko na lissafin.

Amsa ta fito.

"Shu'aibu, dubi! Wannan ba inda ka aje shi ba ne. Biyu ne! Akwai sabo a gaban tsohon, shi take fara cin karo da shi!"

"Duba ranar da aka saka."

Ta duba. Jiya, ƙarfe ɗaya da minti arba'in, lokacin da ta fita sallar azahar. Kowane ma'aikacin biro yana da sunan da yake shiga da shi. Sunan da ke jikin wannan: harouna.

Hawaye ya zubo, amma na haushi ne.

"Mutane na cin ganye a ƙauye, shi kuwa..."

"Bar shi tukuna, hasken idona. Ƙarfe nawa?"

"Sha biyu da rabi."

"In goge sabon?" ta tambaya.

"A'a. Ya riga ya taka wasu fayilolin tsohon, in kin goge duka za su rushe. Kuma shi ne shedarki." Ya laluba aljihu ya zaro kle, ɗan abin adana fayiloli. "Ranar da na saka miki, na aje kwafin komai. Za mu yi musu ɗaki na daban, tsohon mai lissafi da mai zanensa, ba mai shiga tsakaninsu."

Suna cikin yi kuran ya ɗauke, babu wuta. Fanka ta tsaya, zafin Mayu ya rufto cikin rumfar.

"Batir fa?"

"Saura kaɗan!"

Ya ɗauki kwali yana yi wa ordinater fifita, rabi kuma yana yi mata.

Gwajin farko ya faɗi, wani ɗan fayil na haruffa ya ɓace. Ita ta gano shi, ta kwafo. Ta yi bisimilla ta danna.

Fuskar ordinater ta yi fari fat.

Sai iyakar ƙasa ta fito... sai kogi... sai launuka, kore a kudu, rawaya, sannan ja, ja mai yawa.

"Ta fito! Shu'aibu, ta fito!"

Ya sunkuyo kusa da taswirar. Yatsansa na kan wani ɗigo a tsakiyar jan.

"Tudun Bawa," ya ce a hankali. "Innata tana nan. Kullum na kira sai ta ce lafiya lau suke."

Zinariya ta buɗe jerin ƙauyukan da za a kai wa abinci, ta duba.

"Ba ya cikin jerin da kwamiti ke da shi. Ƙauyuka goma sha bakwai ne haka."

"To tashi ki tafi. Tashi, sheri, gudu!"

Ƙarfe uku saura minti biyar ta shiga zauren. Wani kanar na zaune a tsakiya, Diraktar a gefensa, Harouna kuwa har ya miƙe da takardu a hannu yana cewa an sami ƴar matsala.

"Babu matsala, ranka ya daɗe," ta ce.

Taswirar ta hau bango.

Ba ta yi in-ina ba. Ta nuna inda ruwa ya tsaya tun watan Agusta, ta karanta sunayen sha bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya. Kanar ya cire tabarau ya matso har bango.

"Malama, kin tabbata?"

"Kowane ɗigo da lambarsa, ranka ya daɗe."

"A ƙara su. Hatsi da iri duka."

Bayan an watse ta nuna wa Diraktar suna da ranar da ke jikin sabon bibliyotek. Harouna ya ce taimako ya yi niyya. Diraktar ya tambaye shi me ya hana shi faɗa da safe. Harouna bai ƙara sati a wannan biro ba.

Kafin magariba ta isa gidansu a Yantala. Baba na kan tabarma a ƙofar gida. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, na je Kalley yau. Na saɓa maka."

Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba.

Ya gyara zama a kan tabarmar.

"A yunwar tamanin da huɗu ni direban kamiyo ne," ya ce. "Na kai hatsi wani gari da takarda ta manta da shi. Da muka isa, ba mu tarar da mai saukewa ba." Ya share fuska da hannun riga. "Ɗan aminina ya yi wasa da wannan don ya same ki?"

"E, Baba."

"Shi kuma yaron, da ya ga garinsu, me ya ce?"

"Cewa ya yi in yi gudu."

"Ki ce ya zo gobe. In gan shi da idona, na gaji da jin sa a bakin mutane."

Ranar da Shu'aibu ya zo, gumi har ya jiƙa masa riga. Baba ya yi masa tambayoyi sun fi na kanar, sannan ya ce magabata su zo, amma sai bayan girbi, kar a raba kowa da gonarsa.

Aka ɗaura aure a watan Nuwamba.

Ana tsakiyar guɗa wata ƴar siririyar tsohuwa ta shigo ɗakin amarya, ɗauke da damin gero a ka. Ta ƙi yarda kowa ya karɓa mata. Innar Shu'aibu ce, shi kuma yana biye da ita yana dariya, idonsa jawur.

Ta sauke shi a gaban Zinariya.

"Ɗiyata, da irin da aka kawo mana muka shuka. Wannan ne damin farko. Na hana kowa taɓawa."

Zinariya ta ɗora hannu a kan zangarniyar, ta buɗe baki ta yi godiya, kuka ya ƙwace mata.

"A'a, yi abinki," in ji tsohuwar, ta jawo ta jikinta. "Yau kina da lokaci."