Saƙon Koramar Guci

Aziza tana kan rufin wani kamiyo, babbar motar kaya, a tashar Magaria, gyale ɗaure a ƙugu, tana ɗaura wani ɗan akwati mai eriya, sai ta ji magana daga ƙasa. Mai maganar ya ce motarsa ce ta hau, kuma tunda yake bai taɓa ganin ɓarawon da ke ƙara wa mota kaya ba.

Ta leƙo ta ga dogon saurayi riƙe da kofin shayi yana murmushi. Kunya ta kama ta, ta ce motar babanta ta nufa, kuskure ta yi. Ya ce to a bar kuskuren nan inda yake.

Sunansa Abdulhadi, ɗan Kwaya ne, yana jigilar gyaɗa da wake tsakanin Dungas, Guci da Mallawa. Ita kuwa ba ta daɗe da gama karatun injiniya a Damagaram ba. Abin da ya dame ta shi ne hanyoyin nan da rezon waya ke ɗaukewa, mota ta lalace a daji babu wanda ya sani. Shi ya sa ta haɗa akwatunan. Ba sa bukatar rezo, junansu suke yi wa magana: saƙo ya faɗa wannan mota, ta miƙa wa ta kusa, har ya isa inda aka nufa. Motocin da ke tafiya tare sukan zama ayari, akwatin ɗaya ya zama madugu mai raba wa sauran labari. Kowane akwati kuma da makullinsa na sirri, don kada wani ya yi ƙarya da sunan wani.

Mutum biyu ne suka san makullan, ita da Yaya Anwar, ɗan Goggo Hinda, ’yar'uwar babanta. Goggo ce ta riƙe Aziza bayan rasuwar mahaifiyarta, a kwano ɗaya suka tashi da Anwar, jami'a ɗaya suka yi.

Abdulhadi ya zama direban da ya fi kowa kawo ƙorafi. Yau eriya ta karkace, gobe fitilar akwati ba ta yi masa ba. Ran nan ta duba ta ga komai lafiya, ta ɗago ta harare shi, shi ma ya kasa riƙe dariya. Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta:

“Injiniyata, akwatinki lafiyarsa ƙalau. Direban ne ya lalace, kuma ke kaɗai kika san gyaransa.”

Ta amsa masa: “Maduguna, ka riƙa kallon hanya. Mai gyaran tana nan, ba inda za ta.”

Da maganar ta kai ga babanta, Alhaji Mahamadu, bai yi faɗa ba. Ya ce dai bai kai ta jami'a don ta ƙare tana jiran direba ba, ga Anwar a gida da iliminsa. Aziza ta ce Yaya Anwar yayanta ne, ba ta iya yi masa wani kallon. Anwar da kansa ya same ta ya ce kada ta damu, shi zai lallashi Kawu. Har hawaye ta yi don godiya.

Cikin damina, ranar kasuwar Guci, aka kwana ana ruwa. Ayarin motocin wake ya doshi korama, Mamuda direban Alhaji ne a gaba, akwatinsa ne madugu. Saƙo ya shigo: “Ruwa ya janye, ku wuce.” Akwatin ya duba makulli ya ga na gaskiya ne, ya raba wa na baya. Mamuda ya shiga da ƙarfinsa. Ruwan ya kifar da kamiyon, waken ya bi korama, shi kuma aka ciro shi da ƙafa a karye.

Aziza ta duba saƙon. Makullin Abdulhadi ne a jikinsa.

A zaman da sandika, ƙungiyar direbobi, ta kira, mutane suka ce ai a fili take, an hana shi ’ya, ya rama a kan dukiya. Abdulhadi ya rantse yana Mallawa ranar, bai aika komai ba. Aka juyo ga Aziza aka tambaye ta ko wani zai iya aikawa da sunansa.

“Makulli ba ya ƙarya,” in ji ta, ba tare da ta kalle shi ba.

Abdulhadi ya miƙe. Ya fita ya kwance akwatin daga motarsa, ya dawo ya ajiye a gabanta. ’Yan kasuwa suka daina ba shi kaya, sai ya koma Kwaya noma.

Aziza ta rame. Ba asarar waken ce ke cin ta ba, tunanin cewa da hannunta ta miƙa masa abin da ya cuci babanta ne. In ta je duba Mamuda a gidan likita, sai ta tsaya bakin ƙofa ta kasa shiga. Anwar ne ke rarrashinta, yana cewa mutum ba a gane shi a fuska.

Bayan an yi girbi, wata safiya ta buɗe kwamfutarta don duba ’yan akwatunan da suka rage a hanya. Sai ga sunan Abdulhadi yana motsi a bayan tasha. Ta waiwaya. Akwatinsa na nan kan teburinta a kashe, ya yi ƙura.

Ta hau kabu-kabu ta bi alamar. A gindin wata bishiyar bedi ta iske Anwar da baƙi biyu daga tsallaken iyaka, ya buɗe wani akwati a kan babur ɗinsa yana nuna musu aikin, yana cewa shi kaɗai ya ƙirƙiro shi kuma a shirye yake ya sayar. Da ya gan ta sai ya yi sauri ya rufe akwatin.

Ba ta ɗaga murya ba. “Yaya Anwar, kai ne ka kwafi makullin?”

Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce kunya kawai ya so ya ba Abdulhadi, ya ɗauka Mamuda zai ga ruwan ya tsaya. Ya ce tun suna yara yake son ta, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta lura ba. Aziza ta ce masa da ya mare ta a tsakiyar kasuwa da ya fi mata sauƙi.

A gaban sandika ta maimaita komai, ta ce ita ta yi kuskuren barin makulli a inda za a iya kwafarsa, kuma ta yi alkawarin sake su duka. Alhaji ya hana a kai maganar jandarma saboda ’yar'uwarsa, amma ya sa Anwar ɗaukar jinyar Mamuda. Anwar bai jima ba ya bar garin.

Ta rubuta wa Abdulhadi: “Maduguna, na zalunce ka. Ka yafe mini.”

Sai washegari amsa ta zo: “Anwar bai taɓa ce mini yana so na ba, Aziza. Ke kika ce. Na rantse a gabanki, kika zaɓi akwati.”

Ta karanta ta kifa kai a gwiwa.

Alhaji ne ya ce ta shirya. Da kansa ya tuƙa su zuwa Kwaya, suka iske Abdulhadi a gona yana ɗaurin damman hatsi. Dattijon ya ce shi ya fara raina shi kafin kowa, ya zo ya nemi gafara, kuma in har yana son yarinyar ya turo manyansa. Sannan ya koma mota ya bar su.

Abdulhadi ya ajiye damin da ke hannunsa. Ya ce ciwon bai warke ba, ba zai ɓoye mata ba. Ta ce za ta jira ko shekara nawa ne. Ya kalli takalmanta da suka cika da ƙarangiya, ya tsuguna ya fara cire mata.

“Shekara ta yi yawa, Injiniyata. Ni ma na gaji.”

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a Magaria. Goggo Hinda ta zo amma ta rakuɓe a bayan ɗaki, ta kasa haɗa ido da kowa. Da za a fita da amarya, Aziza ta tsaya a tsakar gida ta ce ba ta tafiya sai uwarta ta riƙe hannunta. Goggo ta taso tana kuka ta kama hannun.

“Allah ya yi miki albarka, ’yata. Allah ya sa ku riƙe amanar juna.”

Matan gidan suka amsa da amin, mai guɗa ta rangaɗa, aka fita da ita.