Ƙwallon Kesten a Aljihun Ango

Lokacin kaka ne, ganyayen lambun garin Plovdiv sun rine ja da ruwan ɗorawa, suna zuba a kan hanya. Nan Kaloyan, ma'aikacin gashin ƙashi a asibiti, ya tarar da wata budurwa durƙushe tana tona ganye.

"Zobe kika yar?"

"Ƙwallon bishiyar kesten nake nema wa babana. Ya ce muddin yana aljihunsa, gwiwa ba ta ciwo."

Kaloyan ya san ba haka ba ne. Ya durƙusa ya taya ta nema. Sunanta Radostina, kuma kafin ganyen ya gama zuba tana kiransa "likitana".

Matsalar mahaifinta ce, dattijo Zlatan, wanda tun rasuwar matarsa bai sake taka lambun ba. Shi ɗan maƙwabcinsa Ventsi yake so ta aura, mai kawo masa kesten cike da leda yana rantsuwa magani ne.

Ana gobe Kaloyan zai je gaisuwa, saƙonta ya shigo: "Likitana, zai tambaye ka maganar ƙwallon. Don Allah ka ce yana yi. Kalma ɗaya ce fa, ka same ni."

Ya daɗe yana juya wayar. Ƙaryar ƙarama ce, amma dattijon da aka yi wa ita zai ci gaba da zama a kujera har ƙafafunsa su mutu.

"Kai ne mai murza gwiwoyin mutane?" in ji Zlatan washegari, da Kaloyan ya zo gaisuwar. "To faɗa mini, yana magani ko ba ya yi?"

"Ba ya yi, Baba."

Radostina ta rufe fuska.

"Ji mara kunya!" in ji dattijon. "A gidana?"

"Baba, da can da ya yi maka aiki, wa ke tsinto shi?"

Zlatan ya ce, "Ni da uwarta. Duk Lahadi, har bakin tafki."

"To tafiyar ce maganin. Zo mu tsinto na bana, ni da kai."

"Don in ƙaryata ka zan je, ba don komai ba."

Lahadin farko a bencin farko ya tsaya yana zage-zage. Lahadin da ta biyo ya wuce bencin. Ranar da ya isa tafkin, ganye na ƙara ƙarƙashin takalminsa, ya sunkuya da kansa ya ɗauki ƙwallo, ya miƙe ba wanda ya riƙe shi.

Da kaka ta zagayo aka ɗaura aure. Zlatan ne ya ja layin rawa, hankici a hannu, Ventsi na bayansa yana haki. Da kiɗa ya tsaya, ya zura ƙwallon nan a aljihun ango.

"Na sani, ba ya yi," ya ce. "Riƙe dai. Allah ya tsufar da ku kuna tafiya tare."

Radostina ta matse hannun mijinta. "Likitana, kar ka kuskura ka fitar da shi."

Bai fitar ba.