Abin Da Haula Ta Rubuta A Kaye

"Wane ne wannan Mushe S. ɗin, Haula?"

Kayenta ne na jami'a a hannun Sa'idu, littafin rubutunta na Faransanci, inda "Mushe" ke nufin Malam. Jibi Juma'a kawunnansa za su zo neman aurenta. Ga shi tsaye a zauren gidansu, daga kasuwar bisashe inda yake dillancin dabbobi, ko sallama bai yi ba.

"Wa ya ba ka?"

"Salamatou, ɗiyar kawunki. Ta fassara mini shi da Hausa tiryan-tiryan, tana yi tana tausaya mini."

Salamatou! Wadda tun bara take aika masa da fura har kasuwa.

"Ɗan shekara talatin," ya ce, yana maimaita abin da ke cikin kayen. "Tun da mota ta kife da su a hanyar Barmou abokinsa ya rasu, ba ya samun barci. In an ce a hau mota sai ya ce kansa na ciwo... Ko Innata ba ta san wannan ba, Haula! Ke kaɗai na hwaɗa wa!"

"Masoyina, ka saurare ni..."

"Kar ki kira ni haka! Inna ta ce karatun mahaukata kike yi, za ki tone asirin gidanmu. Wata uku ina gardama da ita saboda ke."

"Wallahi ba na mahaukata ba ne!" Hawaye suka zubo mata. "Shekarar farko ƙwaƙwalwa munka karanta, da jijiyoyi, da yadda ido ke gani. Mun yi lissafi har sai da na yi kuka. Mun yi yadda jariri ke koyon magana, da abin da ke kawo mantuwa, da dalilin da ke sa taro ya bi mutum ɗaya. Sai bana munka shiga firgita da damuwa, anka ce kowa ya kawo labarin mutum guda..."

"To ni ne darasin bana ke nan."

Gyaran murya suka ji. Malam Zubairu, mahaifinta, yana bakin ƙofar cikin gida da buta a hannu. Da gani ya daɗe a wurin.

"Ɗiyata, ni lakkwal, makarantar boko, ban yi nisa ba," ya ce. "Amma cikin darussan nan da kinka lissafa, babu inda anka ce a nemi izinin mutum?"

Haula ta sunkuyar da kai. Akwai, tun shekarar farko ma, kuma ita ta zo ta ɗaya a jarrabawarsa.

"Akwai, Baba."

"Kin nema?"

"Ban nema ba... Tsoro na ji. Na ga in na ce masa abin nan ciwo ne, zai guje ni."

Ta juya wajen Sa'idu.

"Litinin ne ranar miƙa shi. In ban miƙa ba, sai na maimaita shekara. Ka riƙe shi, ba zan kai ba sai da yardarka."

Sa'idu ya riƙa juya shafukan da ba ya iya karantawa. Babur ya wuce a waje, wani ya sake wucewa.

"Ciwo kinka ce?"

"Ciwo ne. Yana da suna, kuma ana warkewa."

"Shekara biyu... Shekara biyu ina ɗauka ragwanta ce."

Ya share ido da hannun riga.

"To, tambaye ni yanzu."

"Sa'idu, ka yarda in kai wa malamaina labarinka?"

"Ban yarda ba."

Haula ta dafa bango.

"Sirrina ba na aji ba ne. Amma in akwai likitan wannan ciwon, ki raka ni wurinsa. Ni kaɗai ba zan iya ba."

Malam Zubairu ya ajiye butar a hankali.

"Yaro, Juma'ar fa? In shimfiɗa tabarmi ko in bari?"

"A shimfiɗa, Baba. Inna kuma ni zan yi mata bayani da bakina."

Haula ta fashe da kuka, tana dariya a ciki.

Shekarar kam sai da ta maimaita ta. Daga ɗakin aurenta ta koma jami'a, kuma Sa'idu ne ya raka ta, yana zaune a gaban mota, gumi na keto masa, hannunsa ɗaya a baya cikin nata.