Muryar Auta a Bakin Jirage

Magariba ta kawo jiki, jiragen nan marasa matuƙi suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, suna sauka a saman bene inda ake yi musu caji. Sana'ar gidan ke nan. Maigidan yana sayar da magunguna a shagon ƙasa, jiragen kuma su kai wa mutane har ƙofa, da kansu suke gane hanya. 'Yarsa Auta ce ke tarbar su a sama, ta goge su, ta jona.

Ran nan jirgin ƙarshe yana shirin sauka sai dutse ya same shi. Ba daga titi ya zo ba. Daga bayan tankin ruwa ya fito, inda babu kowa sai inuwa.

"Yaran maƙwabta ne," in ji maigidan. Matarsa kuwa ta san yaro ba ya hawa bango mai tsawon wannan.

Jifa ya ci gaba kullum da faɗuwar rana, kuma ba a jifan jirgi sai ya yi magana. Dama maigidan ya ga masu saye ba sa son muryar ƙarfen da jiragen suka zo da ita, sai ya lallaɓa ya naɗi muryar Auta a waya tana shanya tana 'yar waƙarta, ya ba na'urar jiragen ta koya. Tun daga nan kowane jirgi da bakinta yake sallama: "Sannunku da gida, ga saƙonku." Har hira suke yi, har dariyarta. Ciniki ya buɗe. Samari lafiyarsu ƙalau suka kamu da ciwon kai dare ɗaya, don dai jirgi ya kawo musu magani.

Wata magariba Auta ta sauko a hankali, ta zauna a bakin matakala. Uwar ta kira ta, ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Gidan ya yi tsit. Sai can sama jiragen suna gaisuwa da muryarta, ita kuwa ga ta nan, ko tari ya ƙi yin ƙara.

Asibiti suka ce maƙogwaronta lafiya lau. Aka ɗauko malam, wani dattijo marar yawan magana. Ya sa aka rufe taga, ya zauna nesa da ita kaɗan, ya fara karatu. Ya jima yana yi kafin wuyanta ya sandare, wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Ka daina ƙona ni, tsoho."

"Me ka riƙe mata?"

"Abina na riƙe. Tun tana ƙarama take hawowa ta yi waƙa, ni kaɗai ke ji a bayan tanki. Ban taɓa tsorata ta ba. Yanzu kowane ƙato yana tsaye a ƙofar gidansa yana washe baki da ita. Akwai wani mai gyaran babur, 'ranki ya daɗe' yake ce wa gwangwani!"

"Ba taka ba ce. Sake ta."

"A cire ta daga bakin ƙarafan nan, in tafi. In ba haka ba kowa ya rasa."

Maigidan ya matso. "Malam, ko a bar masa safiya, mu mu ɗauki yamma? Ciniki fa..."

Matarsa ta juyo ta dube shi. Bai ƙarasa ba.

Malam ya ce, "Ba na raba abin mutum tsakanin ɓarayi biyu." Ya ɗaga murya da karatu. Aljanin ya yi kuka, ya roƙi a bar masa ko dariyar ce kawai, malam bai saurara ba. Can ya rantse zai bar gidan da tankinsa. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta kife a cinyar uwarta.

Da ta farfaɗo, muryarta a dushe, ruwa ta fara nema. Uban ya tsuguna gabanta.

"Auta, tunda dai ya tafi, ai sai mu bar jiragen yadda suke, ko?"

"Baba, shi aljani ne, bai tambaye ni ba. Kai fa?"

Ya sunkuyar da kai. Ta miƙa hannu, ya ɗora mata wayar da ake sarrafa jiragen da ita. Ta nemo inda aka ajiye muryar, ta danna gogewa. Na'urar ta tambaye ta da muryarta, mai daɗi, har da 'yar dariyar nan: "Kin tabbata?"

"Na tabbata," in ji Auta.