Riga Mai Hannun Dama Biyu

"Ki bar ta ta sha kunyarta, Yaya," in ji ƙanwata, tana leƙe ta tagar shagona. "Alhakinki ne ya kama ta."

Anti take nufi, yayar masoyina, tela kamar ni, shagonta na kallon nawa. Shi kuwa gyaran keken ɗinki yake yi, Injiniya nake ce masa. Sau ɗaya ya gyara min keke, daga nan ya riƙa zuwa duk mako wai ya ji ko yana ƙara.

Wata uku da suka wuce, Anti ta faɗa wa mahaifiyarsu wai ina satar yadin mutane ina ɗinka wa kaina. Umma ta dakatar da maganar aurenmu. Wallahi na yi kuka har idona ya kumbura.

Yau kuma mai sayar mana da zare ta kawo labari. An kai wa Anti leshin amarya, garin sauri ta manta ta ninka yadin fuska da fuska, ta yanka hannun riga biyu duk na dama. Ba sauran yadi, ga uwar amarya za ta zo karɓa da la'asar.

Injiniya ya shigo jiki a sanyaye.

"Kin ji, rabin raina?"

"Na ji."

"Ba ni da bakin roƙonki..."

Ba zan ɓoye ba, raina ya so in gyara zama in sha kallo. Amma wata uku ina kai kukana wajen Allah cikin sujada, ina roƙon Ya wanke ni, Ya cire min ƙiyayya. In na yi murna da faɗuwarta yau, da wace fuska zan ɗaga hannu gobe?

Na ɗauki almakashi da tef ɗin awo na tsallaka titi.

"Dariya kika zo yi min?" in ji Anti, idonta jajir.

"Amaryar doguwa ce?"

"Gajeriya... kamarki."

"Alhamdu lillahi, yau gajarta ta yi rana. Miƙo siket ɗin."

Tsawonsa ya yi yawa. Na rage ƙasan, na fitar da hannun hagu daga ciki, hannun daman da ya yi rara kuma na nannaɗe shi ya zama fure a kafaɗa. Ina yanka tana ɗinki.

Uwar amarya ta zo, ta yi ta juya rigar tana sa albarka, har tana cewa furen nan ya fi komai burge ta. Za ta fita na tattara ɗan ƙyallen da ya rage na miƙa mata.

"Hajiya, ga sauran yadinki."

Tana fita Anti ta fashe da kuka.

"Ƙarya na yi miki. Tsoro na ji, ki kwashe min kwastomomi, ki kuma ɗauke min ƙane... Me ya sa kika zo?"

"Ni ma ina son Allah Ya rufa min asiri, Anti."

Ko shago ba ta rufe ba ta ja hannuna sai gaban Umma, ta faɗi gaskiya da bakinta. Injiniya na bakin ƙofa, baki har kunne.

Anti ce ta ɗinka min rigar aure. Ranar da ta kawo, na ɗaga hannayen ina dubawa a hankali.

"Ɗaya dama, ɗaya hagu, 'yar rainin hankali," ta ce, ta rungume ni muna dariya har da hawaye.